Na Fasa Aikin Tumbi, Ke Kuma Ki Ci Abinci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, ɗiyata, ina gaishe ki. Ina gajiyar hanya, ina baƙunta. Lokacin da takardar nan za ta zo hannunki kin riga kin isa makaranta, an ba ki gado, kin buɗe akwati. Allah shi sa kin shiga a sa'a. Allah shi tsare ki, ke da duk ɗiyan mutane da ke kwana ƙarƙashin rufin nan, shi kare ku daga ciwo, da mutanen daji, da muguwar ƙawa.

Ni ce Innarki. Kin san ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Malama Saratu ce riƙe da biro, ɗaya daga cikin matan da muke tattaki tare da safe. Ni ina faɗi, ita tana rubutawa. Na ce mata kada ta gyara mini komi, ko na maimaita magana ta bar ta haka nan, don ki ji muryata ciki. Da ana barin ku riƙe waya a makaranta da ban wahal da ita ba.

Na san mi kike nema da kinka sa hannu cikin farar safar nan kinka tarar da takarda. Babu abin. Ni na ɗauke shi. Ranar da nake shirya miki kaya, ina neman inda zan cusa ƙuli-ƙuli da sabulu, sai na ji abu shina ƙara cikin safa. Leda ce, da ganyen shayi da wasu ƙwayoyi koraye. Ban iya karanta abin da anka rubuta a jiki ba, amma na san hoton. Mace ce siririya ta naɗe ƙugunta da igiyar awon tela. Na san shi don na sha irinshi. Ummi, na zauna bisa akwatin. Kina tsakar gida kina wanke-wanke, ina jin ƙarar kwanoni. Na buɗe baki in kira ki, na kasa.

Wanga kasa kiran naki, shi zan fara da shi, don kuskure ne. Ke ce 'yar fari. Yadda anka tashe mu a 'Yandoto, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu. In kin yi zazzaɓi sai in bar kakarki ta taɓa goshinki, ni ina leƙe daga bakin ƙofa. Mutane na yabona, wai ina da kunya, wai an yi mini tarbiyya. Ina gani kina tura tuwonki gaban ƙannenki. Ina gani kina ɗaure ciki da ɗankwali kafin ki sa riga. Na gani sarai, na yi shiru, don kada a ce na zaƙe kan 'yar fari. To yau na aje kunyar nan gefe. In Allah ya ba ki haihuwa watarana, ki yi kunyarki gaban surukai in kina so, amma in kin shiga ɗaki ki ja labule ki tambayi ɗiyarki mi ke damunta. Kada ki jira sai kin tsinci abu cikin kayanta.

Ba ki taɓa ganina siririya ba, ko? Ni fa da kamar karan dawa nake. Da anka sa ranar aurena da Babanki, matan gidanmu sunka taru sunka dube ni sama da ƙasa. Gwaggo Ai, ƙanwar babana, ta kama hannuna ta ɗaga sama ta ce, "Wagga za mu kai Bungudu? Su ce yunwa muke yi a gidanmu?" Anka yi dariya, ni ma na yi. Washegari ta aika kemis a Tsafe anka sawo wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi farare, sha-ka-fashe ake ce musu. Ba kwali, ba suna, cikin ƙullin leda. Tana murƙushe su cikin kunu safe da yamma, tana tsaye sai na shanye. Kafin biki fuskata ta yi zagaye kamar faifai, ina ci ba na ƙoshi. Ranar kai amarya mata na shafa kumatuna suna cewa, "Yanzu kam ga amarya." Ba don mugunta ta yi ba, Allah shi jiƙanta. Abin da ta ga ana yi ta yi.

Laifina ni shi ne ci gaba da na yi. Bayan aure ba wanda ya tsaya kaina. Na haife ki, ga kunun kanwa, ga gasasshen naman jego, ni kuma ina aike kemis a ɓoye. Don duk inda na shiga sai a ce, "Lallai Malam na riƙonki da kyau." Wata ta ce, "Kin zama Hajiya tun ba ki je Makka ba." Daɗin maganar nan ya fi mini komi. Da na zo na bari, jikin bai bari ba. Daga baya likita ya ce mini irin ƙwayoyin nan na iya taɓa suga, su taɓa jini, ba a shan su sai da dalili. Lokacin kuwa na riga na kamu da duka biyun.

Don haka ki ji da kyau. Duk abin da anka miƙo miki a ƙullin leda, ko ƙawarki ce, ko babbar 'yar aji ce da ke ce miki ƙanwata, kada ki haɗiye. Ko ta rantse ita ma tana sha. Matan da sunka ce na rame, su ne sunka dawo sunka ce na yi yawa. Su ɗin nan ne, ba wasu ba. Suna nan lafiya lau suna zuwa biki, ni ce ke layin asibiti.

Da gwiwoyina sunka fara ciwo, fita ta zama mini abin tsoro. Wata rana bakin kasuwa na tsai da ɗan kabu-kabu, ya dube ni ya dubi mashin ɗinshi, ya ce, "Hajiya, tayata sabuwa ce, ki nemi mai ƙafa uku." Abokanshi sunka kwashe da dariya. Na kamo hanya da ƙafa ina haki, hawaye na zuba cikin hijabi. A hanyar nan na tsaya wurin mai mota da lasifika, wanda ke tallar maganin basir da na sanyi da na rage tumbi duk cikin but ɗaya. Shi ya ba ni shayin mai hoton matar nan.

Ummi, gudawa ce kawai anka ƙulla cikin leda. Na yi kwana da kwanaki ina hanyar ban ɗaki, ina murna wai kitse ne ke fita. Ruwan jikina ne ke fita. Na ƙara da ƙin cin abinci, alhali ina shan maganin suga. Kin tuna sunan da anka yi gidan maƙwabtanmu, da na faɗi gaban mata ina riƙe da tiren shinkafa? Kin tuna kina jijjiga ni kina kuka, mata na yayyafa mini ruwa? An ce miki zafi ne ya buge ni. Ba zafi ba ne. Shayin nan ne da yunwa. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da wata magana ake yi. Ni babba, ga jiki, ya kayar da ni gaban mutane, shi ya sa anka ɗauke ni da wuri. Ke fa, da ba ki gama girma ba? In kinka faɗi cikin ban ɗakin makaranta kowa na aji, wa zai ji ƙarar faɗuwarki? Wagga tambaya ita ke hana ni sukuni. Ina tuƙa tuwo tana zo mini, ina salla tana zo mini.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan ci mini rai. Malama, rubuta, kada ki dube ni. Na riƙa zagin jikina gabanki. In ce randa, in ce buhun masara, in ce a buɗe ƙofa duka biyu Innarku za ta wuce. Na ɗauka in na riga mutane faɗi, nasu ba zai yi zafi ba. Ban lura kina ji ba. Sai ranar da tela ta zo auna ku kayan Salla, na kama damtsenki gabanta na ce, "Wagga kam jikina ta ɗauko, Allah shi kyauta." Da wasa na faɗa. Na ga fuskarki. Daga Sallar nan kinka fara rage tuwo. Ki yafe mini, don Allah. Jikinki ba shi da laifin komi. Nas ɗin da ta auna ki lokacin takardun makaranta ta ce lafiyarki lau, girma ne kike yi. Ni na sa miki tsoron zama ni. Kada ki zagi kanki don a yi dariya, Ummi. Ko ina kike akwai wata ƙarama kusa da ke tana saurare, kuma ita ba ta san wasa ba ne.

To, yanzu maganar aikin, wadda kike fushi da ni a kanta.

Likitan da nake gani nan Gusau, da ya ga suga ya ƙi sauka, jini ya ƙi sauka, sai ya ce akwai tiyatar da ake yi a wani babban asibiti a Abuja. Ya zana mini tumbi a takarda, ya ja layi, ya ce a yanke nan a cire, a bar ɗan siriri kamar ayaba, mutum shi ci kaɗan shi ƙoshi. Babanki na zaune. Ya ce in dai za ta samu lafiya, gonar Bungudu ma a sayar. Likita ya dube ni ya ce, "Malama, kina da tambaya?" Na ce babu. Cikina cike da tambaya, amma ina jin kunyar a ga jahilcina. Na ce to. Kin yi murna ranar, har kinka share mini ɗaki ba wanda ya sa ki. Ni kuwa tun daga ranar ban ƙara barcin kirki ba. In na rufe ido sai in ga layin nan da ya ja.

Wanga "to" da na ce, kuskure ne. Ba laifin likita ba ne, shi ya tambaya. Ni ce na ga gara a yanka ni da a ce ban gane ba. Kada ki yi haka. In malami ya ce kun gane, ba ki gane ba, ki ɗaga hannu. In anka yi dariya, a yi. Ke da za ki yi karatu ma, kada ki ce to ga abin da ba ki san ƙarshenshi ba, ballantana in jikinki ne za a taɓa.

Ranar da na koma a ɗebi jinina don shirin tafiya, na zauna bisa bencin masu suga ina kuka ƙasa-ƙasa. Wata mata ta zo ta zauna gefena, benci ya yi ƙara. Ta ce, "Matsa can, 'yar'uwa. In mu biyu munka taru gefe ɗaya, bencin gwamnati zai karye a ce da gangan munka yi." Ban san sanda na yi dariya ba, da majina da komi. Ita ce Maman Ifeoma, mai sayar da busasshen kifi a kasuwa. Kirista ce, a Gusau anka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Ta ce, "Mi ya faru, rasuwa anka yi?" Na ce a'a, aiki za a yi mini. Ta ce, "Kina so?" Na ce tsoro nake ji. Wallahi ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ita, baƙuwar da ban san sunanta ba. Ta ce, "Gobe da safe ki zo gidan Hajiya Kulu, bayan makarantar firamare. Ki sa takalmin da ba ya zamewa."

Na je. Gida ne mai babban fili, da can hatsi ake shanyawa ciki. Na tarar da mata irina, wasu ma sun fi ni, masu hijabi da masu zane da ɗankwali, suna zagaya filin suna haki suna gulmar mazansu. Tireloli suke kiran kansu. In wata ta gaji ta tsaya sai a ce, "Tirela ta lalace a hanya, a kawo bakanike." Bakaniken kuwa kujera ce da kofin ruwa. Za ki ce ai wannan ma zagin kai ne, na hana ki kuma ina yi. Ni ma haka na ɗauka da farko. Amma daban ne. A filin nan ba mai dariya daga gefe, duk wadda ta yi dariya ita ma haki take yi.

Hajiya Kulu, mai gidan, ita an yi mata aikin shekarun baya, a Masar. Siririya ce yanzu. Na ɗauka za ta ce maza ki tafi. Sai ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata daga farko. Na faɗa mata komi, har ɗan kabu-kabu. Ta ɗaga riga ta nuna mini tabon, 'yan ƙanana ne. Ta ce, "Ni ya yi mini rana, ba zan ɓoye miki ba. Sugana ya sauka, gwiwata ta huta. Amma kin ga kwandon can?" Kwandon magunguna ne bisa teburi. Ta ce, "Na ƙarin jini, na ƙashi, na kaza, na kaza, har in koma ga Allah. Loma kaɗan nake ci, in na ƙara ɗaya sai amai. Ana ɗibar jinina a kai a kai ana aika wa likitan. Ɗana ke karanta mini komi. Ke wa zai karanta miki?"

Na ce Ummi.

Ta ce, "Ummin da za ta makarantar kwana?"



Ta ce, "Ban ce ki yi ba, ban ce ki bari ba. Ciki naki ne. Amma faɗa mini gaskiya, ke ce ke son aikin nan, ko ɗan kabu-kabu ne ke so?"

Na koma gida ina ta juya maganar.

Da ranar ganin likita ta zo, Maman Ifeoma ta bar wa maƙwabciyarta rumfa ta raka ni. Ta zauna bayana, duk sanda na yi shiru sai ta zungure ni da yatsa. Na ce likita, in an yanke ana mayarwa? Ya ce a'a. Na ce in wani abu ya taso bayan na dawo gida, nan za a duba ni ko sai Abuja? Ya ce wani nan, wani sai can. Ummi, kin san hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, ita ake bi zuwa Abuja, kin san mutanen dajin da ke tare ta. Kin san yadda muke zama da waya a hannu in Babanki ya bi ta. Na ce azumi fa? Ya ce ba da wuri ba, sai an ga yadda jiki ya karɓa. Na ce haihuwa fa? Ya ce sai an jira. Maman Ifeoma ta sake zungurata, don ta san akwai saura. Na ce, "In ban yi ba, mutuwa zan yi?"

Ya aje biro. Ya ce, "Ba zan ce miki babu haɗari ba. Aikin nan na taimakon mutane, kuma ke kina cikin waɗanda zai iya taimaka. Amma ba dole ba ne. In kin bari, to nauyin ya dawo kanki. Magani ba fashi, awo ba fashi, ga abinci, ga tafiya. In munka ga abin shina gaba, za mu sake zama."

Na ce na fasa. Bai yi fushi ba. Ya ce ma da tun ranar farko na yi tambayoyin nan.

Na faɗa wa Babanki. Ya ce, "Kin tabbata? Ba don gonar ba?" Na ce ba don gonar ba. Akwai gonar ciki kaɗan, don ita ce abincinku, amma ban faɗa mishi ba. Ke kuwa kinka ce, "To haka za ki zauna ke nan?" kinka shige ɗaki. Har yau maganar na kunnena. Ban sani ba ko kunyata kike ji, ko tsoro kike yi in mutu. In kunya ce, ban ji haushi ba, ni na koya miki. In tsoro ne, ni ma ina jin shi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san ko daidai na yi ba. Wata safiya sai in ji yatsun ƙafata kamar ana tsira musu allura, in ce ko wauta na yi. In dubi ƙannenki Abba da Nana suna cin abinci in ce wa zai riƙe su. Wataƙila watarana in koma in ce likita, a yi. In hakan ta zo, zan je ne na san abin da na je yi, ba don an yi mini dariya bakin kasuwa ba.

Amma ba haka nan na zauna ba, ki daina cewa haka. Matan nan sun nuna mini abin da ban taɓa lura ba. Ashe ni ce mai sharar kwanon gidanmu. Ragowar Abba, ragowar Nana, ƙanzon tukunya, duk cikina, don an koya mana zubar da abinci zunubi ne. Na ci nawa, na ci na yara, kuma in anka tambaye ni in rantse ban ci komi ba, don a tsaye nake ci bakin murhu. Malama Saratu ce ta ce, "Ragowa a ba kaji, su ma bayin Allah ne." Shi ya sa kinka ga na sawo kajin nan da kike cewa suna ɓata tsakar gida. In na je gidan mutane kuma anka kawo fura ko lemo, kin san ƙin sha raini ne. Yanzu sai in ce, "Zuba mini in tafi da shi." Ba wadda ta taɓa jin haushi, har ƙarawa suke yi.

Kowace cikinmu da ɗan ƙaramin kwanonta. Muna da abin awon suga guda, kowa da allurarta, Hajiya ke huda mana yatsa tana yi mana faɗa. In wata ba ta zo ba sai a bi ta gida. Da na yi fashi don ciwon gwiwa, Maman Ifeoma ta zo har ɗaki ta yaye mini zane. Ta ce, "Tashi. Ko zagayen rijiya ne sai kin yi. Na sa a yi miki addu'a a coci ranar Lahadi, kada ki kunyata ni gaban Fasto." Na ce ki ce mishi na gode, amma gwiwar ba ta ji ba. Ta ce gwiwar kurma ce, sai an ja ta. Haka ta ja ni.

Sikeli bai motsa sosai ba, ba zan ce miki ya motsa ba. Zanena dai ya ɗan ƙara zagayowa. Amma Juma'ar da ta wuce na yi sujada goshina a ƙasa, ba bisa kujera ba. Na manta rabona da haka. Na daɗe ban ɗago ba. Awon da anka yi na baya likita ya gyaɗa kai. Na gaba ban san mi zai nuna ba, kuma ina tsoronshi tun yanzu.

Abin da nake so ki ɗauka shi ne, na yi shekaru cikin ɗaki na daina zuwa biki, na daina zuwa gaisuwa, ina ganin ni kaɗai ce Allah ya yi haka. Ashe unguwa biyu ce tsakanina da matan nan. Ɓoyewar nan ita ta kai ni ga mai lasifika. A makarantarku akwai yarinyar da ke zama ƙarshen benci tana juya cokali ba ta ci. Akwai wadda ake tsokana don ta rame, akwai wadda ake tsokana don ta yi jiki. Ki ɗauki kwanonki ki zauna kusa da ita. Kada ki tambayi garinsu ko inda take salla. Ki ce mata matsa, ku ci tare.

Saura magana ɗaya, ita na fi jin tsoron faɗa miki.

Ban tambaye ki wa ta ba ki abin nan ba, kuma na san inda anka samo ɗaya ana iya samo wani. Ni ba na nan, ba ni da ido cikin makaranta. Don haka shekaranjiya da na ce miki asibiti zan je, ba asibiti na je ba. Makarantarku na je. Na ga matar da ke kula da ɗakin kwananku, na ga nas ɗin makaranta. Na faɗa musu komi, har da nawa. Na roƙe su kada su kira ki gaban mutane, kada su yi miki faɗa, sun kuma yi mini alkawari. Babanki bai sani ba, wannan na bar miki, in kin so ki faɗa mishi da bakinki. Matar ta ce za ta riƙa duba kwanonki. Ta ce in kin ji jiri, ko abinci ya ƙi shiga, ki je wurinta ko wane lokaci ne. In kin ga tana kallonki a ɗakin cin abinci, kada ki harare ta, ni na sa ta.

Na san kin ji na tona miki asiri tun ba ki kwana ba. Za ki yi fushi. Yi. Kada ki aiko da amsa in ba ki so. Ranar ziyara zan zo, in kin ga dama ki ƙi yi mini magana, zan zauna gindin itace da kular abincinki har a kaɗa ƙararrawa in tashi. Na yarda ki shekara ba ki gaishe ni ba, in dai da tuwo cikinki kike fushin.

Babanki na gaishe ki. Abba da Nana na gaishe ki, tun yanzu suna faɗa kan wa zai gaji katifarki. Malama Saratu ta ce hannunta ya gaji, ta ce kuma tana gaishe ki, ita da duk matan gidan Hajiya. Ki riƙe salla, ki rufa in an yi sanyi, kada ki fita bayan katanga ko wa ya kira ki.

Allah shi kwana da ku, shi tashi da ku. Shi toshe idon mugu daga ƙofar makarantarku, shi tsare hanyar da za ta kai ni gare ki da wadda za ta dawo mini da ke. Allah shi ba ki lafiyar da za ki yi fushi da ni, ni kuma shi ba ni kwanan da zan ga kin huce. Amin.

Wassalam.

Innarki.